Daga Dafin Yaƙi Zuwa Robar Ƙarin Ruwa: Tarihin Kemo da Abin da Ke Jiran Mai Jiki a Zaman Farko

Wanda ya taso daga Bunkure da sassafe zai je Asibitin Malam Aminu Kano ya san hanyar ba ta da wani nisa. Zai ɓullo ta Karfi ya hau titin Zariya, ya tsallake gadar Tamburawa, ya ratsa cunkoson Na'ibawa, kafin rana ta yi zafi yana bakin ƙofar asibiti. Amma ga iyalin da likita ya ce za a fara yi wa mai jikinsu kemo, tafiyar ranar farko takan yi tsawo, domin kowa ya shigo motar da abin da ya ji a gari. Wani ya ji an ce ruwan guba ne. Wata ta ji an ce wanda aka ɗaura wa ba ya sake moruwa. Ga kuma tsohuwar maganar nan da muka gada, cewa daji ba ya son allura.

Maganar guba ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, kuma ɓoye wannan ga majinyaci ba taimako ba ne. Daga guba aka faro. Abin da masu faɗar haka ba su sani ba shi ne abin da ya biyo baya cikin shekaru tamanin, da yadda kusan kowace doka da ma'aikaciyar jinya za ta gindaya muku a ranar farko take da labarin wasu mutane da suka riga ku shiga wannan hali.

A watan Yulin 1917, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Farko, sojojin Jamus suka harba wata sabuwar iska mai guba a kusa da garin Ypres na ƙasar Beljiyam. Ita ce ake kira iskar mastad. Tana ƙona fata, tana makanta ido, tana cinye huhu. Wasu masu bincike biyu 'yan Amurka, mata da miji, Edward da Helen Krumbhaar, suka binciki gawarwakin sojojin da ta kashe, a 1919 suka wallafa abin da suka gani: ɓargon waɗannan mutane ya ƙafe, fararen ƙwayoyin jininsu sun kusa ƙarewa. A lokacin ba wanda ya ga amfani a wannan bayani. Sai bayan shekara ashirin da wani abu, da Yaƙi na Biyu ya ɓarke, gwamnatin Amurka ta ba wasu masana harhaɗa magunguna na Jami'ar Yale, Louis Goodman da Alfred Gilman, aikin nazarin wannan guba a asirce. Su ne suka yi tambayar da ta sauya al'amari. Idan abin nan yana kashe fararen ƙwayoyin jini, yaya zai yi da sankarar da ita kanta fararen ƙwayoyin ne suka haukace suka haifar da ita?

Mutumin farko da aka gwada a kansa wani ma'aikacin masana'anta ne ɗan asalin Folan, wanda takardun asibiti suka sakaya sunansa da harufan J.D. Ƙari ya cika masa wuya da hammata, ba ya iya haɗiye abinci, ba ya iya kwanciya, kuma gashin da aka yi masa da na'ura ya daina aiki. Ranar 27 ga Agustan 1942 aka yi masa allurar farko ta jijiya, aka ci gaba kullum har kwana goma. Ƙarin ya narke. Mutumin da ba ya iya juya kansa ya koma cin abinci. Sai dai fararen ƙwayoyin jininsa su ma sun faɗi warwas, bayan 'yan makonni kuma cutar ta dawo, aka sake ba shi maganin bai yi tasirin farko ba. Ya rasu ranar 1 ga Disambar shekarar. Saboda sirrin yaƙi ba a wallafa sakamakon ba sai 1946. (Akwai labarin da ya fi yaɗuwa, wai an gano kemo ne bayan jiragen Jamus sun tarwatsa wani jirgin ruwan Amurka mai ɗauke da bama-baman mastad a tashar Bari ta Italiya. Hakan ya faru, amma a Disambar 1943 ne, shekara guda bayan rasuwar J.D.)

Cikin kwana casa'in da 'yan kai na jinyar wannan bawan Allah an ga abubuwa uku da har gobe su ne ginshiƙin aikin: magani ta jijiya yana iya narkar da ƙari, yana taɓa lafiyayyen ɓargo tare da shi, kuma idan ba a gama da cutar ba tana dawowa da taurin kai.

Dalilin bai da wuyar fahimta, musamman ga manomi. Waɗannan magunguna suna farautar ƙwayoyin halittar da ke saurin rabuwa suna hayayyafa, kuma haka daji yake. To amma a jikin lafiyayye ma akwai wuraren da ba sa hutawa: ɓargo da ke ƙera jini, tushen gashi, da shimfiɗar cikin baki da hanji. Shi ya sa illolin suke fitowa a nan. Duk wanda ya taɓa yin feshin maganin ciyawa a gonar shinkafa ya ga yadda shinkafar kan ɗan yi laushi ta sauya launi na wasu kwanaki sannan ta murmure, ciyawar kuwa ta bushe. Ya kuma san in aka zarce ma'auni duka biyun za su ƙone, in aka yi ƙwauro ciyawa ta dawo. A 1964 wani mai bincike a Alabama, Howard Skipper, ya nuna a jikin ɓeraye cewa kowane zagaye na magani wani kaso yake kashewa na ƙwayoyin dajin, ba dukkansu ba. Daga nan tsarin zagaye ya samu gindin zama: a ba da magani, a dakata lafiyayyun ƙwayoyi su farfaɗo, a sake dawowa kafin na dajin su cike gurbin da suka rasa. Tazarar da aka fi sani ita ce mako uku, ko da yake wasu tsare-tsaren mako-mako ne ko mako bibbiyu.

Mataki na biyu ya zo daga wani abu da kowace mace mai zuwa awo ta sani, wato ƙananan ƙwayoyin folik asid da ake ba masu ciki. A birnin Boston, likita Sidney Farber ya lura cewa wannan sinadari yana ƙara wa sankarar jinin yara gudu. Sai ya nemi kishiyarsa, wanda zai toshe masa hanya, ya samu daga ɗakin binciken wani masani ɗan Indiya, Yellapragada Subbarow. A 1948 ya wallafa cewa yara 10 cikin 16 sun samu sauƙi na ɗan lokaci. Daga wannan zuriya aka samu metotireksat, wanda har yau ake amfani da shi a Kano.

A kan wannan maganin ne aka yi wata rigima da ya kamata duk mai jinya ya ji. Min Chiu Li likita ne ɗan asalin Sin da ke aiki a cibiyar binciken daji ta gwamnatin Amurka. A tsakiyar shekarun 1950 ya riƙa ba da metotireksat ga mata masu wata sankara da ke tasowa daga mabiyiya bayan ciki, wadda a lokacin kusan duk wadda ta bazu a jikinta ba ta tsira. Ƙarin ya ɓace daga hoton ƙirji. Amma Li ya ga akwai wani sinadari da ƙarin ke fitarwa wanda bai gama sauka a gwaji ba, ya ce cutar na nan a ɓoye, ya ci gaba da ba da magani ga matan da kowa ke ganin sun warke. Shugabanninsa suka ce yana azabtar da mutane a banza, suka sallame shi daga aiki a 1957. Da tafiya ta yi nisa, matan da aka tsayar wa magani da wuri cutar ta dawo musu, nasa kuwa suka rayu. Wannan ne karon farko da magani kaɗai ya warkar da dajin da ya riga ya bazu a jikin babba. Ina kawo wannan ne saboda abin da ya fi cin majinyatanmu ba zaman farko ba ne. Bayan zagaye na biyu ko na uku ƙullutun ya saki, ciwo ya lafa, kuɗi sun yi ƙasa, ga aikin gona ya taso, sai a ce ai an samu lafiya a zauna a gida. Abin da hannu ke iya shafawa ya tafi, abin da ido ba ya gani yana nan.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa wannan ilmi kacokan daga Turai aka yi mana dakonsa. Ba haka ba ne. A 1957, a asibitin Mulago da ke Kamfala ta Yuganda, wani likitan fiɗa ɗan Ailan mai suna Denis Burkitt ya ga yaro da muƙamuƙinsa ya kumbura sama da ƙasa, hagu da dama. Ba da jimawa ba ya ga wani. Ya bi tsofaffin takardu, ya aika wasiƙun tambaya asibitocin Afirka, a 1961 kuma ya shiga mota shi da abokansa biyu suka yi tafiyar mil dubu goma suna zana taswirar inda cutar take. Ya gano tana bin wuraren zafi da damshi, ba ta hawa tsaunuka masu sanyi. Da ya zo Najeriya ya tarar ta yi yawa a kudu mai ruwa, ta yi ƙaranci a wajen Kano. Daga baya aka fahimci taswirar tasa ta zazzaɓin cizon sauro ce mai naci, wanda ke haɗa kai da wata ƙwayar cutar bairos da Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano a Landan a 1964 cikin tsokar da aka aiko musu daga Yuganda.

Wannan ƙari shi ne mafi saurin girma a jikin ɗan Adam, kuma saurin nasa ne ya zama ajalinsa. Da aka gwada metotireksat da saikulofosfamid a kan yaran Kamfala da Nairobi, fuskar da ta kumbura takan sauka cikin kwanaki. A Asibitin Koyarwa na Ibadan, wanda aka buɗe a 1957, wani likitan fiɗa ɗan Kamaru, Victor Anomah Ngu, ya yi irin wannan aiki a kan yaran Najeriya, ya bi sawunsu shekara da shekaru, ya nuna cewa wasu sun warke sarai. A 1972, lokacin da ake tsakar ginin madatsar ruwa ta Tiga a zamanin Gwamna Audu Bako, aka ba da babbar lambar yabo ta Lasker a Amurka ga jerin likitocin da suka kafa wannan fanni. Cikinsu akwai Burkitt, akwai Ngu, akwai kuma Min Chiu Li da aka kora shekara goma sha biyar baya. Kafin ruwan Tiga ya fara gangarowa ta magudanan Kadawa da Kura da Bunkure, an riga an warkar da yaran Najeriya da kemo a cikin Najeriya.

Su kansu magungunan asalinsu daban-daban ne. Binkiristin daga wata fulawa 'yar Madagaska aka samo shi, wadda ake shukawa don ado a gidaje da asibitocinmu. Ganyenta aka aika wa masu bincike a Kanada daga Jamaika, inda ake dafa shi don ciwon suga. Bai yi wa suga komai ba, amma ya kayar da fararen ƙwayoyin jinin ɓeraye. Ana tace ɗaruruwan kilo na ganyen kafin a samu giram guda, don haka kada wani ya karanta wannan ya ɗora tukunya. Dokzorubisin, jan ruwan nan da ake yawan ba masu sankarar mama, daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasar kudancin Italiya ya samo asali. Sisfilatin kuwa tsautsayin gwaji ne a ɗakin binciken Barnett Rosenberg a 1965. Fakilitaksel daga ɓawon wata bishiya ta arewacin Amurka. Da aka fahimci cutar tana koyon kauce wa magani guda, sai aka fara haɗa uku ko huɗu a lokaci ɗaya tun shekarun 1960, a 1976 kuma Gianni Bonadonna a Milan ya nuna cewa ba da kemo bayan an yi aikin mama yana rage dawowar cutar. Idan likita ya ce za a yi muku kemo alhali an riga an cire ƙarin, daga nan hujjarsa take.

Mummunan sunan da kemo ya yi, a shekarun 1970 ya samo shi. Sisfilatin yana warkar da samari masu sankarar maraina, amma yana sa su amai har su galabaita, wasu tun daga ƙofar asibiti zuciyarsu ke tashi. Wannan hoton ne ya zauna a kan mutane. Sai a farkon shekarun 1990 aka samu ondansetiron da 'yan'uwansa, waɗanda in aka haɗa su da deksametazon suna hana aman ko su rage shi ƙwarai ga mafi yawan majinyata. Sharaɗin shi ne a sha su a kan lokacin da aka rubuta, tun kafin zuciya ta fara tashi. Tare amai ya fi tsayar da shi sauƙi.

To, yaya ranar farko take?

Kafin ita akwai gwaje-gwaje, kuma iyalai kan ƙosa da su, suna ganin ɓata lokaci ne da kuɗi. Za a ƙirga ƙwayoyin jini, a duba ƙoda da hanta domin su ne ke fitar da maganin daga jiki. Za a auna tsawo da nauyi, da su ake lissafa ma'aunin kowane mutum, shi ya sa ba a aron takardar wani. Mace mai shekarun haihuwa za a yi mata gwajin ciki. Wanda za a ba jan ruwa akan ɗauki hoton zuciyarsa, domin maganin yana da iyakar da ba a wucewa a tsawon rayuwa. Gwajin ciwon hanta nau'in B kuma kada a yi wasa da shi. Cutar ta yi yawa a ƙasarmu, mutum kan ɗauke ta shekaru bai sani ba, kemo kuma yana iya tayar da ita daga barci ta lalata hanta. In an gano ta tun farko, akwai ƙwayar da ake sha ta tsare wannan. A wannan zama ne kuma ya kamata a faɗa wa likita gaskiyar duk abin da ake sha, na asibiti da na kemis, da jiƙo da sassaƙe da garin da aka karɓo wajen mai magani. Ba don a ci mutuncin kowa ba. Hantar da za ta tace kemo ita ce ke fama da su, kuma ba wanda ya san ma'auninsu. Wanda bai gama haihuwa ba, namiji ko mace, ya yi tambaya a kan haka yanzu, kafin robar farko.

Ranar da kanta, a karya da abu mara nauyi, kamar koko ko shayi da burodi, sai in an ce kada a ci. A sa riga mai faɗin hannu, a riƙo ruwan sha da mayafi, a taho da mutum guda mai natsuwa wanda zai iya riƙe bayani, ba ayari ba. Za a sa kanula a bayan hannu ko a damtse. Wadda aka yi wa aikin mama ta tuna musu su yi amfani da ɗaya hannun. Za a fara da ruwan gishiri da maganin amai, sannan maganin kansa. Za ku ga ma'aikaciyar jinya ta sa safar hannu da riga ta musamman, wannan kariya ce gare ta domin kullum tana cikin taɓa shi. Wani tsarin awa guda ya isa, wani yakan ci yini.

Abin da kan ba mutane mamaki shi ne shigar maganin ba ta da zafi. Akan ji sanyi yana bin jijiya, ko ɗanɗanon ƙarfe a baki, ko barci. Saboda haka in an ji zafi ko raɗaɗi ko kumburi a wajen kanular, a yi magana nan take. Wasu magungunan, irin su jan ruwa da binkiristin, in suka zurare daga jijiya suka shiga tsoka suna cin naman wurin su bar gyambo mai wuyar warkewa. Haka nan in ƙirji ya ɗaure, ko numfashi ya yi wuya, ko fuska ta ɗau zafi, ko ƙaiƙayi ya taso, musamman a mintocin farko na fakilitaksel. Kunya da kawaici halayenmu ne masu kyau, amma a kan wannan kujera cutarwa suke yi. Dattijuwar da ta saba cewa "ba komai" ita ce ɗanta ya kamata ya fi sa wa ido.

Wanda aka ba jan ruwa zai ga fitsarinsa ya yi ja na kwana ɗaya ko biyu. Launin maganin ne. Ina jaddada wannan saboda a yankin da yara ke wanka a magudanan ruwa kowa ya san tsargiya, jan fitsari kuma yana da wata ma'anar. In ja ya wuce kwana biyu, ko akwai gudan jini ko zafin fitsari, wannan wani abu ne daban, a sanar da likita. Saikulofosfamid yana iya ƙona mafitsara in ya daɗe a cikinta, maganin haka shan ruwa da yawa da rashin riƙe fitsari. Na kwana biyu bayan zama, sauran magani yana fita ta fitsari da bayan gida da amai. A kora da ruwa sosai, a rufe masai, mai wanke fo ko zanin da ya ɓaci ta sa safar roba. Ban da wannan, mai kemo ba ya shafa wa kowa komai. A ci abinci tare da shi, jikoki su zauna kusa da shi. Mai shayarwa dai dole ta yaye, ma'aurata kuma su ɗauki matakin hana ɗaukar ciki har sai likita ya ba da izini.

Kwanakin farko na kasala ne da rashin son abinci. A riƙa ci kaɗan-kaɗan sau da yawa. Ƙamshin girki yakan tayar da zuciya fiye da abincin kansa, sai a nisanta mai jiki da murhu, da hayaƙin turara shinkafa in gidan masu wannan sana'a ne. Deksametazon yana hana barci kuma yana ɗaga suga, mai ciwon suga ya riƙa aunawa. Maganin amai kan busar da ciki, wasu magungunan kuma gudawa suke sa wa, nan ruwan gishiri da sukari yana da amfani. Baki yakan yi miki wajen ƙarshen makon farko. A riƙa kurkure shi da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri sau da yawa a yini, a ajiye yaji da tsami, a sassauta wajen asuwaki. Gashi, ga magungunan da ke zubar da shi, yakan fara bin mataji mako biyu zuwa uku bayan zaman farko, kuma yana dawowa bayan an kammala. Mata da yawa sun fi samun sauƙi in suka tsefe kitso suka rage gashin tun kafin. Farce da tafin hannu sukan yi duhu, haila takan rikice ko ta ɗauke. Masu shan binkiristin ko fakilitaksel ko sisfilatin su faɗa in yatsu suka fara mutuwa ko ana jin kamar tsirar allura, domin akan rage ma'auni kafin abin ya zauna.

Duk waɗannan ana gani, ana kuma jurewa. Mai kisan shi ne wanda ba a gani. Tsakanin kwana na 7 da na 14 fararen ƙwayoyin jini suke kaiwa ƙarshen faɗuwarsu, abin nan da Krumbhaar suka gani a gawarwakin sojoji, daidai lokacin da mai jiki ya fara jin daɗin jikinsa. A 1966 likita Gerald Bodey ya nuna cewa gwargwadon saukar waɗannan ƙwayoyi gwargwadon haɗarin kamuwa da mummunar cuta. A 1971 Stephen Schimpff da abokan aikinsa suka nuna cewa in aka fara ba irin wannan majinyaci maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya da zarar zazzaɓi ya taso, ba tare da jiran sakamakon gwaji ba, rayuka da yawa suna tsira. Daga nan dokar ta fito: zafin jiki ya kai 38 a ma'auni, ko rawar sanyi, ko mutum ya rikice ya yi laushi ko da ba zafi, asibiti za a nufa a wannan sa'ar, ko tsakar dare ne.

A nan ne yankinmu yake da nasa tarkon. Inda ruwa ke kwance a fadamun shinkafa rani da damina, sauro ba ya yankewa, zazzaɓi kuma ya zama ɗan gida. Kowa ya san abin yi: a aiki yaro kemis ya karɓo farasitamol da maganin maleriya, a jira kwana biyu a gani. Ga mai kemo wannan jiran yana iya zama na ƙarshe. Wataƙila maleriyar ce, za a gwada a asibiti a yi maganinta, amma ba a yanke wannan hukunci a gida, kuma farasitamol rufe alamar kawai yake yi. Ma'aunin zafin jiki kuwa, a saye shi tun kafin zaman farko, a koya wa mutum biyu a gidan karanta shi. A yi magana da mai mota ko mai adaidaita da za a iya tasa da dare. A rubuta sunayen magungunan da ranar da aka sha su a takarda guda, domin in aka fara tsayawa a asibiti mafi kusa, abu na farko da za a faɗa shi ne: yana kan kemo, yau kwana kaza. Haɓo da ya ƙi tsayawa, baƙin bayan gida, aman da ya hana ruwa zama yini guda, duk hanyarsu ɗaya.

A wannan mako na biyu a kwana cikin gidan sauro. Kada a shiga ruwan magudana, kada a taɓa taki, a bar wa wasu feshi da sussuka. Latas da kabeji da tumatirin da muke alfahari da su a dafa su, ko a wanke da ruwa mai tsabta ƙwarai, nonon da ba a tafasa madararsa ba da tsiren bakin titi a ɗaga musu ƙafa. 'Yan dubiya alheri suka kawo, amma mai tari ko mura, da yaron da ke da ƙyanda ko ƙaranbau, su yi gaisuwa daga zaure. Wannan aikin maigida ne ko babbar 'ya, bai kamata a bar mai jiki da nauyin korar baƙi ba.

Saura kuɗi, wanda ba ya cikin jerin illolin da ke rubuce a takardar magani amma ya fi su tsayar da jinya. Tun ranar farko a tambayi likita zagaye nawa ne gaba ɗaya, nawa kowanne zai ci har da gwaji da mota, domin dangi su san abin da ke gabansu, su tsara shi da lokacin girbi da sayar da amfani, maimakon a zuba komai a zagaye biyun farko. A 2019 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ƙaddamar da wani shiri na saukaka farashin magungunan daji a wasu asibitocin koyarwa, ciki har da na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. A tambayi sashen magunguna da ofishin walwalar majinyata abin da ke akwai a yanzu. In ta kama a sayo a waje, a saya inda likita ya aminta da shi. Wasu magungunan sai a cikin sanyi suke zama, kwalbar da ta yini a zafin kasuwa kuwa ba a gane lalacewarta da ido.

Kwana ɗaya ko biyu kafin zagaye na biyu za a sake gwajin jini. Yakan faru a ce ƙwayoyin ba su gama dawowa ba, a ɗaga zaman da mako guda, ko a ƙara jini, ko a rubuta allurar da ke zaburar da ɓargo, wadda aka fara amfani da ita a 1991. Wannan ba ya nufin maganin ya ƙi jiki ko cutar ta yi nasara, lissafin da aka gina tsarin a kansa ke nan. A zo da takardar da aka rubuta abin da ya faru a gida, ranar da amai ya fara da ranar da ya tsaya, abin da ya ciwu da wanda ya gagara, domin da ita likita zai gyara magungunan zagaye na gaba.